Cocin Nabarongo: ginin ƙasa da ya wuce shekara ɗari

Nabarongo gari ne a arewacin ƙasar Gana, kusa da iyakar Burkina Faso. A nan akwai wani coci na ƴan Katolika wanda aka gina da ƙasa.

A shekarar 1906 limaman Katolika suka zo garin daga Wagadugu. Ana ce musu Fararen Ubanni saboda fararen rigunan da suke sawa. Da fari ƙaramin ɗakin addu'a suka yi. Da jama'a ta ƙaru, sai aka gina babban cocin a 1920.

Tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa mita 14. Hasumiyar ƙararrawa ta kai mita 13. Mutanen gari ne suka kwaɓa ƙasa, suka buga tubali, suka tada bango. An yi daɓe da tsakuwa da kashin shanu da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Makuba tana sa daɓe ya yi ƙarfi, ruwa bai ratsa shi da sauri. An rufe saman da kwano.

Cikin shekarun 1970 mata suka yi wa bangon ciki ado, irin wanda suke yi wa ɗakunansu. Sun yi aiki da jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin launi. Sun zana dabbobi da ayyukan yau da kullum da labaran addininsu. A 2006 Paparoma ya ɗaukaka darajar cocin, ya ba shi matsayin da ake kira basilika.

Me ya sa ginin bai faɗi ba? Ƙasa tana da magabta biyu: ruwan damana da gara. Rufi mai kyau yana kare kan bango. Yaɓe yana kare jikinsa. In tsaga ta fito, aka toshe ta da wuri, bango ya tsira. In aka bar ta, ruwa ya shiga, bango ya zube.

Jama'a, wasu suna raina ginin ƙasa, suna cin bashi don sayen siminti. Ga shi kuwa ƙasa tana da arha, ɗakinta da sanyi lokacin bazara. Kulawa kawai take so kowace shekara, kafin ruwan fari.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka gina babban cocin?
2. Mene ne amfanin makuba?
3. Wane gini ne ya fi daɗewa a garinku? Wa ke gyaran shi?