Araha Ba Ta Ado: Lissafin Haske Kafin Sayen Wayar Faiba

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan makon a kan wayar faiba ne, wato wayar da ake binnewa a gefen titi domin kai intanet. Ba tagulla ce a cikinta ba. Zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, kuma haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa. Sai dai hasken yana raguwa yayin da yake tafiya. Idan ya isa ɗaya gefen a raunane, na'urar karɓa ba za ta iya karanta saƙon ba.

Ana auna wannan asara da desibel, a taƙaice dB. Ku riƙe wannan: asarar dB 3 tana nufin rabin hasken ya tafi, dB 10 kuma kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. A shekarar 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa idan aka tace gilashi har asararsa ta sauka ƙasa da dB 20 a kilomita, zai yi aikin sadarwa. Kamfanin Corning na Amurka ya cimma hakan a 1970, Kao kuma ya samu kyautar Nobel a 2009.

Zaren iri biyu ne. Akwai mai hanya ɗaya, wanda faɗin cibiyarsa kusan maikiromita 9 ne, yana asarar kimanin dB 0.35 a kilomita da hasken nanomita 1310. Akwai mai hanyoyi da yawa, mai cibiyar maikiromita 50, yana asarar kusan dB 3 a kilomita da hasken nanomita 850. Na biyun ya fi asara, amma na'urorin aika haskensa sun fi araha, shi ya sa ake sa shi a gajeriyar tafiya. Idan daga ɗakin kwamfuta zuwa laburare mita 250 ne, asarar zaren dB 0.75 ce kawai, ba abin damuwa ba. A kilomita 8 kuwa sai ta kai dB 24, aikin ya lalace.

Ba zare kaɗai ke cin haske ba. Kowane kan jona yana cin kamar dB 0.5, kowace walda da aka haɗa zare biyu tana cin kamar dB 0.1. Lanƙwasa waya da ƙarfi da ƙura a bakin jona su ma suna ci.

To, a ce makaranta za ta jawo layi daga nisan kilomita 8 da zare mai hanya ɗaya:

Zare: 8 × 0.35 = dB 2.8
Kan jona biyu: 2 × 0.5 = dB 1.0
Walda huɗu: 4 × 0.1 = dB 0.4
Jimla: dB 4.2

Masu wannan sana'a suna ƙara rarar kusan dB 3 saboda tsufan na'ura da gyaran gaba. Abin da ake bukata ke nan ya zama dB 7.2.

Yanzu a ce an kawo wa shugaban makaranta na'urori uku. Ta farko ita ce mafi araha, tana jure asarar dB 6. Ta biyu matsakaiciya, tana jure dB 10. Ta uku mai tsada ce, an ƙera ta don kilomita 40.

Ta farko za ta yi aiki ranar da aka kunna, tunda 4.2 bai kai 6 ba, har a yaba wa ɗan kwangila. Amma rararta 1.8 ce kawai. Masu haƙar kwata su tsinke wayar a yi sababbin waldoji, ƙurar hunturu ta shiga bakin jona, na'urar ta tsufa, sai layi ya riƙa ɗaukewa, wataƙila ma ranar rajistar jarrabawa. A nan kuɗin gyara zai cinye abin da aka rage.

Ta uku ma ba dabara ba ce. An biya kuɗin ƙarfin da ba a bukata, kuma haskenta na iya yi wa na'urar karɓa yawa, har sai an sayi abin rage shi. Ta biyu ce daidai, domin 10 ya haura 7.2 ba tare da almubazzaranci ba.

Saboda haka a fara auna nisa, a ƙirga jona da walda, a ƙara rara, sannan a tambayi farashi. Bayan an gama aiki kuma a sa ma'aikaci ya auna asarar da mita, ya rubuta a takarda kafin a biya shi.

Ga aikin gida: layin kilomita 5 ne, da kan jona biyu da walda uku. Idan an ƙara rarar dB 3, na'ura mai jure dB 6 za ta isa? A jefa amsa a akwatin kulob kafin Alhamis, a rubuta suna da aji.