Darasin Ƙungiya: Ta Ina Nauyi Yake Bi A Jikin Amalanke?

Da kaka amalanken ƙungiya ba ya hutawa. Yau a kwaso dawar wannan, gobe masarar wancan, jibi a kai gyaɗa kasuwa. A lokacin nan ne kuwa ya kan karye, sa'ad da kowa yake jiransa. In ya karye sai a ce mai walda bai iya aiki ba, ko a ce ƙarfen yanzu ba shi da kyau. Wani lokaci gaskiya ne. Amma ƙarfe da katako suna da iyakar abin da za su ɗauka, ana kuwa iya lissafta wannan iyaka tun ba a yi hasara ba. Injiniyoyi, kafin su yanka ƙarfe, su kan zauna su yi tambaya guda: nauyin nan ta ina zai bi? Ita za mu bi a darasin wannan wata.

Mu ɗora buhu a kan amalanke mu bi sawunsa. Nauyinsa ya kan sauka a kan katakan daɓe. Daga nan ya wuce zuwa ga katakan da suka gitta a ƙarƙashi, sa'an nan zuwa dogayen ƙarafa biyu na gefe. Su kuma su miƙa shi ga ƙarfen ƙafa, wato sandar ƙarfen nan da ta haɗa tayoyi biyu. Tayoyi su ba ƙasa. Wani kashi kaɗan ya kan bi ta sandar ja zuwa karkiya, ya sauka a wuyan shanu. Kowace mahaɗa a kan wannan hanya, ko noti ne ko walda, tilas nauyin ya ratsa ta.

A kan hanyar nan wani ƙarfe jansa ake yi kamar igiyar guga, wani danne shi ake yi kamar ginshiƙi. Amma abin da ya fi karya amalanke shi ne lanƙwasawa. Ku ɗauki karan dawa ku lanƙwasa shi a hankali, ku duba. Bayan da yake waje yana miƙewa har ya tsage, na ciki yana tattarewa, tsakiya kuwa kusan ba abin da ya same ta. Ashe aikin duk a gefe yake. Shi ya sa kara yake da ɓawo mai tauri a waje, totuwa mai laushi a ciki, ya kuwa tsaya da zangarniya a kansa. Shi ya sa kuma bututun ƙarfe ya fi dunƙulalliyar sanda jure lanƙwasa, in nauyinsu ɗaya ne.

Akwai amfani biyu a nan ga kafinta. Na fari, katako mai faɗin santimita 10 da kaurin santimita 5, in an tsai da shi a kan gefensa, zai ɗauki ninki biyu na abin da zai ɗauka a kwance, lotsawarsa kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ce kawai. Katako ɗaya, kuɗi ɗaya. Na biyu, in za a huda ramin noti, a huda a tsakiyar faɗin katakon, inda aiki ba shi da yawa. Kada a huda kusa da gefe, kada kuma a sare gefen ƙasa domin wai ya zauna daidai, gama nan ne ake jansa. A bakin ramin da aka huda a ƙarfe, ja ya kan kai kamar ninki uku na sauran wurin, tsaga kuwa daga irin wurin nan take farawa.

Yanzu mu zo ga ƙarfen ƙafa, wanda ya fi kome tsada in ya lalace. Buhu 10 masu kilo 100 tan ɗaya ke nan, wato kilo 500 a kan kowace taya, ban da nauyin amalanken kansa. Abin da yake lanƙwasa ƙarfen shi ne nauyin nan haɗe da tazarar da take tsakanin taya da inda jikin amalanke ya zauna a kan ƙarfen. In tazarar santimita 10 ce, aka mai da ita 20, wahalar ƙarfen ta ninka, ko da ba a ƙara buhu ko ɗaya ba. Saboda haka masu son faɗaɗa amalanke ta wurin tura tayoyi waje su yi hankali. Kaurin ƙarfen ma abin mamaki ne. Sanda mai kaurin milimita 50 ta kusa ninka mai milimita 40 ƙarfi, alhali a ido bambancinsu kaɗan ne. Kada ma'ajin ƙungiya ya rage kuɗi a nan.

Ido ya kan ruɗe mu wajen kaya. Amalanke cike da harawa ko kara yana da ban tsoro, amma ba nauyi. Mu ce akwatin amalanke yana da tsawon mita 2, faɗin mita 1 da santimita 20, zurfin santimita 40. In an cika shi da busasshen yashi, nauyin ya kai wajen tan ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe kuwa ya fi haka. Duro mai lita 200 cike da ruwa kilo 200 ne, ban da duron. Don haka wanda ya ari amalanke domin kwasar yashin gini ya kamata a gaya masa ya tsaya a rabin akwati. Ya fi kyau ma a ja layi da fenti a ciki.

Inda aka ajiye kaya shi ma lissafi ne, shanu ne kuwa suke biyan kuɗinsa. Mu ce daga ƙarfen ƙafa zuwa karkiya mita 3 ne. Buhu ɗaya da aka ajiye mita 1 gaba da ƙarfen ƙafa zai sa kilo 33 a kan karkiya. Buhu 3 a wurin nan, kilo 100 ke nan a wuyan shanu, ban da aikin ja. Nan ake samun gyambon wuya, nan kuma sandar ja take karyewa, yawanci daidai inda ta haɗu da jikin amalanke. In kuwa kaya sun yi baya da yawa, karkiya ta kan ɗaga sama ta shaƙe shanun, musamman wajen hawan tudu. A jera mafi nauyi bisa ƙarfen ƙafa, a bar gaba ya ɗan rinjaya kaɗan, yadda mutum ɗaya zai iya ɗaga sandar ja ba da wahala ba.

To, me ya sa wani amalanke ya kan karye ran da kayansa ba su da yawa? Nauyin da aka saka farat ɗaya ya kan wahal da ƙarfe ninki biyu na wanda aka ajiye a hankali, wanda aka jefo daga ka kuwa ya fi haka. Faɗawa rami da gudu ma haka ne. Ban da wannan, ƙarfe yana gajiya. Ku lanƙwasa waya gaba da baya, za ta tsinke a hannunku ba tare da kun ja ta ba. A shekarar 1842, kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa, ƙarfen ƙafar wani jirgin ƙasa ya karye, mutum fiye da 50 suka mutu. Bayan haka wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya yi shekaru yana gwada irin ƙarafan nan, har zuwa 1870. Ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba zai iya karya shi in an maimaita sau dubbai. Ya kuma nuna cewa in an rage nauyin zuwa wani matsayi, ƙarfen ya kan daɗe ƙwarai.

Wannan ya shafe mu. Taya mai faɗin santimita 70 tana juyawa kamar sau 450 a kilomita ɗaya. Kasuwa mai nisan kilomita 10, zuwa da dawowa, sau 9,000 ke nan. In ƙarfen ƙafarku irin mai juyawa tare da taya ne, kowane juyi lanƙwasa ce gaba da baya. In irin wanda ba ya juyawa ne, mai boris a bakinsa, gargadar hanya ce take yi masa wannan aiki.

Gajiyar ƙarfe tana farawa da siririyar tsaga, yawanci a bakin walda, ko bakin rami, ko inda kaurin ƙarfe ya ragu farat ɗaya. A taro mai zuwa ku kifa amalanken ƙungiya, ku kankare laka da giris. Ku shafa kananzir a wuraren nan, ku bar shi ya ɗan jima, ku goge sarai, ku shafa garin alli, sa'an nan ku ƙwanƙwasa da guduma. In akwai tsaga, kananzir zai fito ya ja baƙin layi a kan allin. Tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa ce. Tsagar da take jikin ƙarfen gefe, mai walda ya goge ta har ƙarshenta, ya cike, ya ɗora wani ƙarfe a tsawonsa wanda ya zarce ta gaba da baya. In a ƙarfen ƙafa take, kada a yi masa faci. A ajiye amalanken sai an sami wani ƙarfen.