Yadda ake haɗa takin rami kafin ruwan shuka

Wanda ya bi hanya daga Bakori zuwa Danja da bazara zai ga tsibi-tsibin taki a gonaki, amalanke ta zube, rana tana duka. Ɗanye ne, da ledarsa da irin ciyawarsa, ƙarfinsa kuma yana bin iska. Tun 2023 da komai ya yi tashin gwauron zabo, buhun Kamfa da Yuriya suka gagari talaka, ai bai kamata ɗan abin da ke hannu ma ya salwanta ba.

Da kaka ake farawa, da an gama cire masara. A samu inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, a haƙa rami biyu gefe da gefe, zurfin kowanne iya ƙugu, faɗi taku 2, tsawo taku 3. Ɗaya ake cikawa, ɗayan na juyi ne.

A shimfiɗa sararren karan masara a ƙasa, kamar tsayin kamu ɗaya. Mutanen Danja sun yi sa'a, ga busasshen ganyen rake, ga ruɓaɓɓen tumatirin da ake zubarwa a bakin kasuwa, duk abincin rami ne. A bi da kashin shanu ko na awaki, na kaji ya fi zafi, kaɗan ya isa. Sai barbaɗen toka, sai ƙasar gona tafi biyu ko uku, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ramin ya cika, a rufe da ciyawa. Leda, kwalba da tsohon batir a tsince su tun a juji.

Wajen ruwa ake faɗuwa. Ka damƙi takin ka matse: in ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, zai yi wari, in ya warwatse, ƙishi yake ji. Ya dunƙule, tafin hannu ya yi danshi, to an dace. Ka soka sanda a tsakiya. Bayan kwana 4 ko 5 ka zare ka taɓa. In da zafi, tukunya ta kama wuta, kuma zafin nan ne ke kashe irin ciyawa.

Duk bayan mako 3 a kwashe zuwa ɗaya ramin, na sama ya koma ƙasa. Cikin wata 3 zuwa 4 zai yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko.

Kada a kai gona sai an kusa huɗa, a baza a rufe nan take. In gonar gangare ce, kunya ta gitta gangaren, kada ta bi shi. In ba haka ba, ruwan Agusta zai kwashe wahalarka ya kai wa mai fadama. Malam manomi, bana kada ka sa wa karanka wuta.