Darasi: Laimar Kwaɗin Sin da Zogalar Jiratawa

Ya ku ƴan'uwa, tambaya ta yawaita bayan salla game da wani garin kofi da wasu ƙwayoyi da ake talla a cikin Maraɗi, ana cewa an yi su da laimar kwaɗi ta ƙasar Sin, kuma wai suna warkar da hawan jini, da ciwon sukari, har da ciwon daji. Akwai wanda ya bar maganin likita saboda su. Don haka ya wajaba mu yi bayani.

Mas'ala ta farko: mece ce ita?

Sinawa na kiran ta linzi, mutanen Japan na ce mata reishi, masana kuwa Ganodama. Ba ciyawa ba ce, ba itace ba. Tana fitowa ne a jikin kututturen da ya mutu, tana cin ruɓaɓɓen itace. Ja ce mai sheƙi, mai tauri kamar katako, mai ɗaci, saboda haka ba a yin miya da ita: sai dai a dafa a sha ruwan, ko a niƙa. Littattafan maganin Sin sun ambace ta tun kimanin shekaru 2000, amma sai wajen 1970 aka iya noma ta da yawa.

Ga yadda ake noman: a cuɗa garin katako da dusa, a jiƙa, a ɗura a leda, a turara har ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a sa iri. Tana son ɗaki mai damshi ƙwarai, da zafi tsakanin digiri 25 da 30, har wata biyu ko uku. Wanda ya san bazarar Maraɗi, inda zafi ke wuce digiri 40, da bushewar hunturu, ya san wannan noma ba ya yiwuwa a nan sai da ɗawainiya babba.

Mas'ala ta biyu: me ke cikinta?

Abubuwa biyu masana suka fi dubawa: betagulukan, wanda ke motsa garkuwar jiki, da tiritafin, wanda shi ne asalin ɗacin. A 2016 masanan Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi ga masu ciwon daji, ba su samu hujjar da za ta sa a ɗauke ta magani na farko ba. Kuma mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon hanta, kada su sha sai da sanin likita. Haka nan kada wani ya ciro laimar kwaɗi a daji ya ci, domin a cikinsu akwai masu kisa.

Mas'ala ta uku: abin da ke hannunmu

Ka sani, ya ɗan'uwa, idan lafiyar iyalinka kake nema da kuɗin nan, to akwai abin da ya fi kusa, ya fi araha, wato zogala. Asalinta daga arewacin Indiya ne, amma ta karɓi ƙasarmu. Ana noma ta a gandun noman rani na Jiratawa, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, mai faɗin sama da hekta 500, da kuma fadamar Gulbin Maraɗi har zuwa Tibiri. Ana shuka ƙwayarta ko a dasa reshe, a riƙa datse kanta don ta yi rassa, a yi ta tsinkar ganye.

Busasshen ganyenta, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne. Akwai kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido. Mu da muka ga yadda tamowa ta kwantar da dubban yara a jihar Maraɗi a 2005, ba za mu raina wannan ba.

Fa'idoji huɗu

1. A shanya ganye a inuwa, domin rana na ƙone bitamin.
2. Kada a daɗe ana tafasawa. A ci da ƙuli-ƙuli ko ɗan mai, don maiƙo na taimakon jiki ya ɗauki bitamin A.
3. Manomin da ya fesa maganin tsutsa ya jira kwanakin da aka rubuta kafin ya tsinka. Sayar da ganyen da aka fesa jiya cutarwa ce, kuma cin amana ne.
4. Mai ciki ta nisanci saiwa da ɓawon itacen.

Sai dai zogala ma abinci ce, ba ta maye gurbin likita. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi asibiti a ranar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne mafi sani.