Mashigar VPN ta maƙale a Azure? Dakata kafin ka goge ta

Tun da Microsoft ta sanar cewa za ta janye adireshin IP na ajin Basic daga 30 ga Satumba 2025, masu kula da sadarwar kamfanoni suka duƙufa wajen mayar da adireshin mashigar VPN ɗinsu zuwa ajin Standard. Wasu sun gama lami lafiya. Wasu kuwa ƙaurar ta katse musu a tsakiya: shafin mashigar ya tsaya a kan Updating awa da awanni, ko ya koma Failed, duk abin da aka taɓa sai ya ƙi karɓa.

Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya goge ta ya gina sabuwa. Don Allah kada ka yi. Gina sabuwar mashiga kan ci minti 45 ko fiye, amma wannan ƙaramar asara ce. Babbar asarar ita ce adireshin. Duk reshen ofis, duk banki ko abokin hulɗa da ya buɗe maka ƙofa a na'urarsa, da wannan lambar ya san ka. Idan ta salwanta, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana roƙon a sauya, kuma wasunsu sai an cike takardu an jira mako.

Fara da tambayar ko bayanai na wucewa. Kalmar Failed tana nufin umarnin ƙarshe da aka ba Azure bai kammala ba, ba lallai ne hanyar ta mutu ba. Sau da yawa za ka tarar ma'aikata na aikinsu ba su ma san an samu matsala ba. In haka ne, kana da lokacin yin bincike a natse.

Buɗe Activity log, wanda ke ajiye tarihin kwana 90. Kada ka tsaya a kan kuskuren ƙarshe. Gangara ka nemo na farko, domin sauran galibi 'ya'yansa ne. Kwafi saƙon yadda yake tare da lambar Correlation ID, ka adana.

Daga nan sai ka duba GatewaySubnet, wato yankin adiresoshin da aka ware wa mashigar, ka daɗe a kansa, saboda cikas kan fito daga can. Lokacin ƙaura, Azure tana tayar da sababbin na'urori a gefen tsofaffin, don haka tana buƙatar adiresoshin da ba kowa a kansu. Wanda ya yanka wa wannan yanki /29 ko /28 shekarun baya, lokacin da ake ganin hakan tsimi ne, yau zai ga wurin ya yi kaɗan. Microsoft tana ba da shawarar /27 ko mafi faɗi. Duba kuma ko wani ya ɗaura NSG, wato dokokin tace zirga-zirga, a kan yankin, ko ya sa hanyar 0.0.0.0/0 da ke karkatar da komai zuwa bangon tsaro. Duka biyun suna iya raba mashigar da masu sarrafa ta a ɓangaren Azure, umarni ya je ba amsa. Sai makullan da ake sa wa kadarori da dokokin Azure Policy, waɗanda kan hana rubutu ba tare da hayaniya ba.

Ka tuna a wane mataki aka tsaya. Ƙaurar tana da shiri, da aiwatarwa, da tabbatarwa wato Commit. Muddin ba a danna Commit ba, akwai Abort da zai mayar da kai inda ka fito. A ganina komawa baya, a gyara, a sake farawa ya fi turawa da ƙarfi.

Bayan ka kawar da sanadin, sai ka sake rubuta wa mashigar saitinta ba tare da canza komai ba. A PowerShell, ka ɗauko ta da Get-AzVirtualNetworkGateway ka miƙa wa Set-AzVirtualNetworkGateway. Wannan kaɗai yakan mayar da ita Succeeded. In ta ƙi, leƙa abubuwan da ke jingine da ita, wato haɗe-haɗen, adireshin da cibiyar sadarwar kanta. Wanda ke Failed a cikinsu shi za ka fara yi wa haka.

Reset yana da amfani idan hanyar ce ta yanke, domin yana sake kunna na'urar da ke aiki ya miƙa ragama ga 'yar'uwarta da ke jiran ko-ta-kwana. Amma ba ya faɗaɗa yanki, ba ya cire makulli. Yi shi bayan an tashi daga aiki, sannan ka tabbatar tashoshin UDP 500 da 4500 a buɗe suke a na'urar ofis, kuma kalmar sirrin ɓangarorin biyu iri ɗaya ce.

Idan har yanzu tana kan Updating kuma ba ta karɓar kowane umarni, to aikin ya maƙale ne a cikin Azure, inda hannunka ba ya kaiwa. Daina maimaita umarni. Buɗe takardar neman taimako wurin Microsoft, ka sa Correlation ID, lokacin da abin ya faru a agogon UTC, da cikakken sunan kadarar, ka kuma rubuta a fili cewa ba ka yarda a saki adireshin ba.