Gwanaye biyu, ƙwallo ɗaya

Ana yin ƙwallon kwando da hannu. Kowace ƙungiya tana sa mutum 5 cikin fili. Kwandon yana rataye sama, tsawon metir 3 da santimetir 5 daga ƙasa. Gasar da ta fi suna a duniya tana Amurka, sunanta NBA. Can wasa sana'a ne, da shi ƴan wasa suke ci.

A shekarar 1996, ƙungiyar Lakers ta birnin Los Anjalas ta ɗauki sababbin ƴan wasa biyu. Na farko Shakil Onil, ƙato mai tsawon metir 2 da santimetir 16. Gindin kwando yake tsayawa, ba mai iya ture shi. Na biyu Kobi Birayan, yaro mai shekara 17, bai daɗe da gama makarantar sakandare ba. Yana da sauri, kuma yana jefa ƙwallo daga nesa.

Halinsu bai zo ɗaya ba. Shakil mai raha ne, yana son hutu da barkwanci. Kobi ba ya son wargi, tun da asuba yake fita horo. Kobi yana ganin Shakil ba ya wahalar da jikinsa yadda ya kamata. Shakil kuwa yana ganin Kobi mai son kai ne, ba ya miƙa ƙwallo. Kowa yana so a ce shi ne babba. Shekara uku suka yi ba su ci kofi ba.

A 1999 aka kawo sabon mai horo, Fil Jaksan. Ya nuna musu abin da kowa zai samu daga ɗan'uwansa. In abokan karawa sun taru kan Shakil, Kobi ya sami wuri ya jefa. In sun bi Kobi, Shakil ya rage shi da mutum ɗaya gindin kwando.

A watan Yuni na 2000 suka kara da ƙungiyar Potlan. Wanda aka kayar ran nan ya fita daga gasa. A kashi na ƙarshe, Potlan tana gaba da maki 15. Lakers suka dage har suka wuce ta. Saura ƙasa da minti ɗaya, Kobi ya kutsa da ƙwallo. Kowa ya zaci zai jefa da kansa. Sai ya cilla ta sama kusa da kwando. Shakil ya yi tsalle, ya cafe da hannu ɗaya, ya dankara ta ciki. Suka ci 89 da 84.

Suka ɗauki kofi sau uku a jere: 2000, 2001 da 2002. Amma nasara ba ta kashe kishi ba. Suka riƙa sukan juna gaban ƴan jarida. A 2004 ƙungiyar Ditiroyit ta kayar da su a karon ƙarshe. Ƴan Ditiroyit ba su kai su suna ba, amma kansu haɗe yake. Shekarar nan aka raba su, Shakil ya koma Mayami.

Kowannensu ya sake cin kofi, Shakil a 2006, Kobi a 2009 da 2010. Kuma kowane sai da ya sami wani gwani kusa da shi. Daga baya suka shirya. A watan Janairu na 2020 Kobi ya rasu cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu. Shakil ya yi kuka ƙwarai, ya tsaya gaban jama'a ya yabi abokin wasansa.

Ma'anar kalmomi

Raha: fara'a da son dariya.
Kutsa: shiga tsakanin mutane da ƙarfi.
Dankara: saka abu da ƙarfi.

Tambayoyi

1. Mutum nawa kowace ƙungiya take sawa cikin fili?
2. Mene ne Kobi yake zargin Shakil da shi? Shakil fa?
3. Me Kobi ya yi a minti na ƙarshe na wasan Potlan?
4. Don me Ditiroyit ta yi nasara a 2004?
5. Shekara nawa suka yi tare?

Aiki

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku rubuta layi biyar kan wani aiki da kuka yi tare da wanda kuka taɓa saɓawa da shi.