Birnin Sarki Akbar

Malam Isa mutumin Damagaram ne. Yana aiki a Delhi, babban birnin ƙasar Indiya. Da aka ba ƴan makaranta hutu, sai ya ɗauki matarsa Hadiza da ƴaƴansu biyu, Sani da Rabi, don su ga wani tsohon birnin sarauta mai suna Fatefur Sikiri.

Da asuba suka shiga jirgin ƙasa zuwa Agara. Daga can suka hau mota, suka yi yamma, tafiyar kusan kilomita 40. Birnin yana bisa tudu, an gina shi da jan dutse. Suka hau matakala har bakin wata babbar ƙofa. Tsawonta daga ƙasa ya kai mita 54. Rabi ta ɗaga kai, har kallabinta ya faɗi.

Ta ce: « Baba, wa ya gina wannan wuri? »

Malam Isa ya ce: « Sarki Akbar ne. Ya daɗe bai samu ɗan da zai gaje shi ba. Sai ya zo nan wurin wani shehi, Salim Cishti, ya nemi addu'a. A shekarar 1569 aka haifa masa ɗa namiji, ya sa masa suna Salim. Don murna, a 1571 ya fara gina birninsa kusa da shehin. Sunan Fatefur yana nufin birnin nasara. »

Suka ga babban masallaci, da kabarin shehin na farin dutse. Suka ga wani soro mai hawa biyar, iska tana ratsa shi ta ko'ina. Amma ɗakunan fada duka wayam suke, babu kowa sai baƙi masu kallo.

Rana ta yi zafi. Sani ya ɗaga gorarsa, ya tarar ruwan ya ƙare. Ya ce: « Baba, to su mutanen sarki ina suke samun ruwa a bisa wannan dutse? »

Uban ya ce: « Ka yi tambaya mai kyau. An tare ruwan damina, an yi babban tabki a gefen birni, ana jawo ruwan zuwa sama. A 1582 madatsar ta fashe. A 1585 sarki ya tashi zuwa Lahor, saboda yaƙi a arewa, fada ba ta sake zama a nan ba. Masana tarihi suna cewa yaƙi ne ya ɗauke shi, wasu kuma suna ƙarawa da ƙarancin ruwa. Birnin ya yi shekara 14 kawai yana gidan sarauta. »

Hadiza ta yi shiru, sannan ta ce: « Malam, wannan ya tuna mini gida. Ina yarinya, tun kafin gari ya waye muke bin layi da tulu. »

Malam Isa ya ce: « Gaskiyarki. Da can Damagaram ce babban birnin Nijar. A 1926 Faransawa suka mai da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilansu. Amma mutanen Damagaram ba su watse ba, sarkinsu yana nan cikin fadarsa a Birni. »

Da za su sauka, Hadiza ta raba musu sauran ruwan gorarta. Sani ya sha kaɗan, ya miƙa wa ƙanwarsa, bai zubar da ko ɗigo ba.

Tambayoyi

1. Don me Akbar ya gina birninsa a Sikiri?
2. Waɗanne dalilai ake bayarwa na barin birnin?
3. Daga 1571 zuwa 1585 shekara nawa ke nan?
4. Ina garinku yake samun ruwan sha? Ku tambayi tsofaffi yadda ake samunsa a da, ku rubuta abin da suka ce.